Furen Inna Tsakanin Maradun da Bakura

Tun da na dawo ba a bar ni na huta da tambaya ba. Malaman makarantarmu sukan tsare ni in an fita tara, ƙawayena na kwaleji kuma kowace wasiƙarsu da abin da take ƙarewa ke nan: wai da gaske na shiga kwalekwale har garin da ruwa ya ci? Me na gani? Nakan buɗe baki in soma, sai in ga labarin ya fi ƙarfin hirar tsaye. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta tambaya in miƙa mata takarda. Kwana uku kacal na yi a hanya, ban kuma fita ƙasar Zamfara ba, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi mini nisa kamarta ba.

Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyar Babanmu. Garinta Tungar Kanya, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi kusa da Maradun. Da aka datse gulbin aka ce kowa ya tashi, sai Baba ya je ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu a Talata Mafara, ya ba ta ɗaki mai siminti da rufin kwano. Ta zo da tukwanenta da tasbaharta da buzun kakanmu marigayi. Abu ɗaya ta baro, don ba ya ɗaukuwa: wata 'yar itaciya da ke lungun bayan ɗakinta.

Tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Ganyenta kore shar rani da damina, ba ta taɓa tuɓewa. Furenta ƙanana ne, farare fat, suna buɗewa in rana ta yi sanyi, masu wucewa ta bayan katanga har rage tafiya suke yi saboda ƙamshi. A littafinmu na kwaleji yasmin aka kira irinta. A gidanmu kuwa 'Yar Sudan ce sunanta, domin daga can Inna ta zo da ita a cikin ƙwarya, lokacin da ita da kakanmu suka je Makka ta ƙasa suna da ƙuruciya, suka yi shekaru a hanya suna tsinkar auduga. Itaciyar ba ta son iska, ba ta son rana tsaka. Inna ta dasa ta tsakanin bangon ɗaki da katanga, inda inuwar kanya take rufe ta tun daga hantsi, a nan kuma take alwala, ruwan yana gangarawa gindinta sau biyar a yini. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, Inna takan cire mata 'ya daga jikin itaciyar ta haɗa da kayan ɗaki.

Wata uku da zuwanta gidanmu Inna ta kwanta. Idanunta dama sun yi rauni. Ba ta kuka da ciwon komai, abinci ne kawai ta daina ci, tana cewa gidanmu warin kananzir yake yi. Wata safiya ina shirin makaranta ta kira ni.

"Ke 'yar boko, zo nan."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, me kuma aka yi miki?"

"Ƙarhen ya yi tsatsa, Balki. Ki tahi ki ɗauko min 'Yar Sudan. In na shaƙe ta ko sau guda, sai in ci tuwon nan naku."

Baba ya ce ruwa ya riga ya shiga garin, kuma ba zai tura 'ya mace cikin tafki saboda ganye ba. Sai aka yi dace ƙanensa, Baffa Mamman, ya zo duba Inna daga sabon garin da aka mai da su. Ya ce gidan Inna a kan tudu yake, makon da ya wuce ruwa bai wuce bakin zaure ba, shi zai raka ni ya dawo da ni. Baba ya daɗe yana duban ƙofar ɗakin uwarsa, sannan ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Da na shiga yi mata sallama Inna ta riƙe hannuna. "Asali ba yanke ta ake ba, kwantar da ita ake yi. Amma tun da ruwa ya zo babu lokaci. Ki ɗebo tsohon reshe mai kaurin yatsa, wanda ya yi toka-toka. Kada ki kula masu hure, ba su da ƙarhi. Ki naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, kada rana ta gan su. Kin jiya?"

Na ce na ji. Amma a raina murmushi nake yi, don na riga na sayi jakar leda sabuwa a kasuwa, fara mai sheƙi, irin wadda ta fara shigowa. Na karanta cewa leda ta fi kowane tsumma riƙe danshi. Na ninke ta na sa a jaka kamar takardar shaidar karatuna.

Mun fita da hantsi a bayan wata akori-kura, tsakanin buhunan gishiri da wata mata mai kaji uku da suka yi ta saran gefen zanena. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, hanya duk kwari da taɓo, sai da muka hau titin kamfanin da ke aikin dam sannan ƙashinmu ya huta. Ba mu daɗe a kansa ba muka iske shinge: ƙarfe a gicciye, da ɗan ɗaki, da mai gadi, wani tsohon soja mai gashin baki. Ya ce mota ta zagaya ta wuce sabon gari, amma duk mai niyyar gangarawa bakin tafki sai ya nuna takarda.

"Takardar mi?" in ji Baffa. "Cibiyata can take binne. Ita ma sai da takarda?"

"Dattijo, ni ma ba garinmu ba ne nan," in ji mai gadin, "aiki aka sa ni. Cibiyarka ta ba ka takarda ka nuna mini."

Mutanen mota suka yi dariya, Baffa bai yi ba. Na sauko na gaishe da mai gadin, na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko fure ake ci yanzu a Mafara. Daga baya ya ce shi ma uwarsa tsohuwa ce, ya yagi 'yar takarda ya yi wani zane a kai, ya ce in an tare mu gobe mu nuna.

Ta cikin wayar shingen na hango gidajen Turawan kamfani, farare, a jere. Wani ma'aikaci yana tsaye da doguwar roba yana feshin ruwa a kan ciyawa, gajera, an aske ta daidai kamar kan yaro ranar suna. Baffa ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Balki, ina dabbobinsu?"

"Ba su da dabbobi, Baffa."

"To wa ka cin ciyawar?"

"Ba mai ci. Kallo ake yi."

Muka koma mota.

Sabon garin a kan tsandauri aka yi shi, ƙasa ja mai tsakuwa, babu itace ko ɗaya da mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa. Gidaje layi-layi, kowanne da lamba a jikin ƙofa. A Tungar Kanya in ka tambayi gidan wani sai a ce bayan rijiya, ko gindin marke. A nan lamba ake faɗa, tsofaffi kuma ba su riƙe ta ba. An raba wurin zama ba tare da duba wa yake maƙwabtaka da wa ba, matar da ta shekara talatin tana miƙa wa 'yar'uwarta garwashi ta kan danga yanzu sai ta yafa gyale ta ƙetare layi shida. Ni kaina da la'asar na fita gai da dangi, da na dawo na faɗa wani gida, na durƙusa na gai da wata dattijuwa, na tambayi gajiya da yara da jiki da ruwa, ta amsa mini duka, har ta miƙo mini fura, sannan ta ce, "Ɗiyata, ke ko ɗiyar wa ce?" Ashe gidan Baffa na gaba ne.

Matar Baffa ta yi mana hoce, wato wainar dawa irin tasu, da miyar kuka, tana ta ba da haƙuri wai babu daddawa, ɗorawar da suke samu duk tana cikin ruwa. Ruwan sha kuwa mota ce take kawowa, in ta zo. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tsofaffin garin. Da yamma sukan fito bakin layi na ƙarshe su zauna a kan duwatsu, dukansu fuska ga tafki, ba mai hira da wani. Na gaishe su, suka amsa ba tare da sun juyo ba.

Washegari bayan asuba muka gangara bakin ruwa. Masunta baƙi sun riga sun kafa bukkoki a wurin, sun biyo kifi daga nesa. Wanda ya ɗauke mu ana ce masa Ɗanyawuri, siriri, mai fara'a, bai taɓa ganin Tungar Kanya a bushe ba. Shi da kan itatuwa ya san garin, Baffa kuma da abin da ke ƙasa, sai suka yi ta musu.

"Nan akwai tarwaɗa, manya," in ji Ɗanyawuri.

"Nan masussukarmu ce."

"Can wajen giginyar nan raga takan maƙale mini."

"Rumbunan Malam Isa ne. Shida gare shi."

Can sai Baffa ya ɗaga hannu ya ce a daina tuƙi. Babu komai a wurin, ruwa ne shimfiɗe, rana ta fara taɓa shi. Ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa ta gefen jirgin, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen maƙabarta. Ya ambaci sunan mahaifinsa, da na 'ya'yansa biyu da suka rasu suna ƙanana. Ɗanyawuri ya ɗora filafilinsa a cinya ya tofa addu'a tare da mu, daga nan bai ƙara zancen kifi ba.

Ƙamshin na fara ji kafin in ga gidan. Ya taso a kan ruwa, gauraye da warin ruɓaɓɓen kara, na ji kamar Inna ce ta wuce ta gabana da sabon wanki. Zaure ya zube, ɗakunan gaba sun zama tsibin laka. Ɗakin Inna kaɗai ke tsaye da guntun katanga, kanya tana bisansu kamar yadda na san ta. Muka shiga tsakar gida da jirgi. A lungu 'Yar Sudan tana tsaye, ruwa ya kai mata ƙugu. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, amma samanta fure ne fal, fiye da yadda na taɓa gani, waɗansu sun zubo suna yawo a kan ruwa, suna shiga ɗakin Inna ta ƙofa suna fitowa.

Na tattare zane na sauka, ruwan ya kawo mini cinya, sanyi ƙalau. Tsofaffin rassan da Inna ta ce suna ƙasa, cikin ruwa mai duhu, sai na lalubo da hannu, ni kuwa ina tsoron abin da zan taɓa. Na sama ga su a gabana, kore, masu fure, kamar suna miƙo kansu. Na ce wa zuciyata ai gara in kai wa Inna masu ƙamshi. Na sa reza na yanke goma sha wani abu, na zuba a leda, na yayyafa ruwa, na ƙulle bakin tam.

"Malama," in ji Ɗanyawuri, "wannan abin naki ba ya numfashi fa. Ko kifi na sa ciki kafin azahar ya lalace."

Na yi masa bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji uku, cewa danshi ne ba zai fita ba.

"Ƙyale ta," in ji Baffa. "Ita ta yi karatu."

Ledar ta sha rana a cikin jirgi, ta sha a bakin titi inda muka zauna jiran motar Mafara tun hantsi har la'asar. Ina ganin gumi yana taruwa a cikinta, ina jin daɗi wai danshi ne. Mota ba ta zo ba, muka koma gidan Baffa. A can na kwance ƙullin, sai tururi ya bugi fuskata. Ganyen ya yi baƙi ya yi laushi kamar rama a tukunya, furen ya zama ruwan ƙasa, ya manne a jikin leda. Na ɗauki reshe ɗaya, fatarsa ta saɓule a yatsana.

Matar Baffa ta leƙa ta ce, "Wayyo, ai kin dahe su." Ba da mugunta ta faɗa ba. Na shiga ɗaki na kifa kai a gwiwa.

Da yammar nan aka yi ruwan ƙarshe na shekara, gajere, mai iska. Gari na wayewa muka koma bakin tafki don a sake kai mu, wannan karon da tsumma a hannuna. Muka iske Ɗanyawuri yana shanya raga. Da ya gan mu ya sunkuyar da kai. Ya ce ya bi ta wurin da duku-duku, bangon ɗakin ya kwanta a kan lungun, kanya kaɗai ta rage.

Baffa ya shiga lissafa 'yan'uwansa mata da aka kai da 'yar itaciyar. Ta wadda ke garin Kaya awaki sun cinye tuntuni. Ta wadda ke Morai ba ta kama ba. "Saura Asabe," in ji shi. "In akwai, tana Bakura."

Hanyar Bakura ta cikin Talata Mafara take bi. A tasha muka sauya mota, ina hango rufin makarantarmu, gidanmu bai fi tafiyar minti biyar ba. Baffa ya ce mu shiga mu sha ruwa. Na ce ba zan iya shiga ɗakin Inna hannu wofi ba. Na ja gyale na rufe fuska kada wani ɗalibina ya gane ni, na zauna a lungun mota kamar wadda ta yi sata.

Wanda ya san hanyar nan a da ba zai gane ta ba. Katafila ta bi ta baje komai, gona da iyaka da tudu da kwari, ƙasa ta zama fili ɗaya har iyakar gani. Itatuwan da aka tumɓuke an tara su gefe, saiwoyinsu a sama. An ja magudanan siminti dogaye, babu ɗigon ruwa a ciki. An hana shuka a wurin sai an gama aiki, don haka ga kaka ta zo babu abin girbi. Wani dattijo kusa da ni ya yi ta leƙe ta tagar mota, yana nunawa da yatsa yana janyewa. Ya ce gonarsa yake nema. Da wata tsamiya yake gane ta.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, mace ce mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Mun iske ta tana fama da itace da katuwar tukunya, 'yarta ta zo haihuwar fari, kwana shida ke nan, ita ke yi mata wankan jego. Bayan an gama gaisuwa, an kai mu mun ga jaririya, ta kawo tuwon dawa ta dire.

"Ku ci da haƙuri. Wai baƙo ya zo Bakura a ba shi dawa! Shekara biyu gulbi bai hau fadama ba, shinkafa sai labari. Ku can ruwa ya cinye ku, mu nan an hana muna shi. Wanda ya yi rabon ga Allah Ya saka muna."

Da na gaya mata abin da na yi ta saki baki. "Leda? Ke da anka ce ke ce mai ilimin gidan? Inna ba ta hwaɗa miki tsumma ba?"

"Ta faɗa, Gwaggo."

Ta ga idona, sai ta sassauta. "Taso ki gani."

Lungun nata irin na Inna ne, tsakanin ɗaki da katanga. Sai dai tsamiyar da ke bayan katangar, wadda take yi masa inuwa, an sare ta bara don magudana za ta bi ta wurin. Gwaggo ta kafa zana ta ɓangaren iska, ta ɗaura tsohon zane a sama a kan sanduna huɗu. A ƙarƙashi ga 'Yar Sudan, ƙanƙanuwa, rabinta busasshen itace. Rassa biyu ne kawai ke da ganye. Rijiyar gidan ta ƙafe tun bazara, daga rami a tsakiyar gulbi suke ɗebo ruwa, ga mai jego tana cin tulu huɗu a yini. Gwaggo a cikin kasko take alwala, ta juye wa itaciyar.

"A yanka reshe ɗaya mana," in ji Baffa.

"In an yanka a wanga hali duka biyun mutuwa za su yi, da reshen da uwar. Kwantar da ita za a yi, yadda Inna ta koya muna."

Ta ɗauko wuyan fasasshen tulu. Ta lanƙwaso reshen da ya fi lafiya a hankali, ta zura shi ta cikin wuyan har kansa ya fito ta sama. Ta sa farce ta kankare fatar a tsakiya, kaɗan, sai da fari ya bayyana. Ta toshe ƙasan da tsumma, ta cika da ƙasar gindin rumbu gauraye da tsohon takin awaki, ta tokare da gwafa don kada nauyi ya karya reshen. Ta yi bismilla ta zuba ruwa rabin moɗa.

"Haka za ta zauna tana shan uwa tana yin saiwa. In ta kama a raba su."

"Kwana nawa, Gwaggo?"

"Arba'in."

Baffa ya dubi ƙasa. "Asabe, Inna ba ta da kwana arba'in."

Jaririya ta yi kuka a ɗaki, Gwaggo ba ta motsa ba. Can ta share ido da gefen zane, ta ce ita ba ta da halin barin mai jego, kuma in ta tafi babu mai ba itaciyar ruwa. Da sassafe ta tsinke duk furen da ke jikinta, guda biyar. Ta jiƙa ƙyalle ta shimfiɗa a 'yar ƙwarya, ta jera su, ta rufe da faifai. "Ki riƙe a cinya, ki rufa da gyale. In na ji kin sa a leda sai na biyo ki har Mafara."

Haka na riƙe ta har gida. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ɗaga ƙwaryar sama.

Mun iso kafin azahar. Inna ta ƙara ƙanƙancewa a cikin kwana ukun, kamar an rage ta. Na durƙusa na buɗe faifan kusa da fuskarta. Furen ya fara ja a gefe-gefe, amma ƙamshin ya cika ɗakin. Ta ja numfashi mai tsawo, ta riƙe, ta sake ja.

"Wagga ta Asabe ce."

"Yaya kika sani, Inna?"

"Ƙamshin ya yi kauri. Ƙishi take ji." Ta lalubo hannuna. "Ina tawa?"

A hanya na shirya maganganu iri-iri, na ruwa da na iska da na bango. Da ta riƙe hannuna duk suka gudu. Na gaya mata komai, da rassan da na zaɓa, da ledar, da abin da masunci ya ce na ƙi ji. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai na ji kafaɗarta tana motsi. Dariya take yi, 'yar siririya.

"Shekara hamsin fari bai kashe ta ba, awaki ba su kashe ta ba, gwamnati da ruwanta ba ta gama da ita ba, sai da 'yar boko ta zo ta dahe ta."

"Inna, ki yafe mini."

"Yi shiru. Ni ma biyu na kashe a Sudan kahin ta ukun ta kama." Ta ɗan huta. "Kun bi ta kan kabarin Malam, kakanki?"

"Mun bi. Baffa ya yi musu sallama."

"To madalla. Ba ni kunun nan."

Ta sha rabin moɗa, abin da ba ta yi ba cikin mako biyu. Furen ta sa na cusa mata a ƙullin ɗankwali. Da la'asar ta ce a fito da ita, Baba da Baffa suka ɗauke ta a kan tabarma suna zagaya gidan, tana tambaya ina rana take faɗowa da safe, ina take da azahar, ta ina iska take shigowa. Ta sa aka tsaya a wani matsattsen wuri tsakanin madafa da katangar maƙwabta, inda muke jibge tsofaffin kwanoni. Ta ce nan. A kwashe tarkacen, a haƙa rami kamu biyu, a bar shi ya sha iska kafin baƙuwa ta zo.

Ni na haƙa ramin da hannuna. Kullum in na dawo daga makaranta sai ta tambaye ni yau kwana nawa, in faɗa mata, ta ce da saura. Ran na goma sha tara ba ta tambaya ba. Ta rasu washegari da hantsi, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Gwaggo Asabe ta zo zaman makoki ta kwana ɗaya ta koma. Ba mu sake ganinta ba sai ranar sadakar arba'in, ta shigo da kwano a ka, an rufe da zane. Da mutane suka watse ta kira ni lungun, ta sauke. Wuyan tulun ne, da ɗan reshe mai ganye takwas, fararen saiwoyi sun leƙo ta cikin tsumman kamar zare. Ta fasa wuyan da dutse a hankali, muka sa ta a rami da ƙasarta, muka danna da tafin hannu. Ta sa na ɗaura zana ta gabas, ta nuna mini iyakar ruwan da zan riƙa ba ta, ta ce in na wuce haka saiwar za ta ruɓe, in na gaza za ta ƙone.

Muna wanke hannu na ce, "Gwaggo, uwar fa? Ta ƙara toho?"

Ta ci gaba da murza yatsunta a cikin kasko. "Ruwan bai isa su biyu ba, Balki. Sai na zaɓa."

Ta miƙe ta juye ruwan wankin hannun a gindin 'yar, ta tafi neman gyalenta don kada mota ta bar ta.

Iyakar abin da na gani ke nan, ku da kuke tambaya. Wata biyu ke nan da dasa ta. Ta zubar da ganye uku, ta fitar da ɗaya, ƙarami, ban taɓa ganin kore mai haske irinsa ba. Ba ta yi fure ba tukuna, ga kuma bazara tana tafe, kuma duk ƙasar nan babu wata a bayanta.